Atlas: Yadda Sunan Mai Dakon Sama Ya Hau Kan Littafin Taswira

A shekarar 1595, a garin Duisburg na ƙasar Jamus ta yau, aka fitar da wani katafaren littafi mai ɗauke da taswirori 107. Mai littafin, Gerardus Merkato, bai ga fitowarsa ba, domin ya rasu a watan Disamba na 1594 yana da shekara 82, sai ɗansa Rumold ne ya tattara abin da uban ya bari ya kai maɗaba'a. Kalmar farko a jikin bangon littafin ita ce Atlas, kuma daga wannan bango ne Turanci da harsunan Turai da dama suka sami sunan da suke kiran duk wani littafin taswira da shi. Bayanin da aka saba ji a aji shi ne, wai Atlas wani ƙato ne a tatsuniyoyin Girkawa wanda ya ɗauki duniya a kafaɗa, shi ya sa aka sa wa littafin da ke ɗauke da hoton duniya sunansa. Bayanin yana da daɗin ji da sauƙin riƙewa, amma ya kauce a wuri biyu. Ƙaton tatsuniyar sama ya ɗauka, sannan shi kansa Merkato ya faɗa a gabatarwar littafinsa cewa wani Atlas dabam yake nufi, sarki masani daga arewa maso yammacin Afirka. A ganina tarihin wannan kalma gaba ɗayansa ja-in-ja ne tsakanin waɗannan mutum biyu masu suna ɗaya, ɗan dako da malami, kuma ma'anar da ta fi shahara yau ta biyo ta hannun malamin ne.

Tsohon labarin yana cikin waƙen Hesiyod, mawaƙin Girka da ya rayu wajen shekara 700 kafin Miladiyya. A lissafinsa na asalin gumakan Girkawa, Atlas ɗan Iyafetos ne, daga zuriyar da ake kira Taitan, wadda ta riga babban gunkinsu Ziyus da 'yan'uwansa mulki. Ɗan'uwansa shi ne Furomitiyos, wanda ya sato wa mutane wuta. Taitan sun shekara goma suna yaƙi da Ziyus har aka ci su, kuma rabon da Ziyus ya yanka wa Atlas shi ne ya tsaya a ƙarshen ƙasa, can yamma, ya tallabe sama da kansa da hannuwansa. Marubutan baya ne suka fito fili suka ce horo ne saboda rawar da ya taka a yaƙin. Mawaƙi Homa kuma, a waƙensa na Odisi, ya nuna shi a matsayin wanda ya san zurfin teku duka, mai riƙe da dogayen ginshiƙan da suka raba sama da ƙasa. Labarin da Girkawa suka fi so game da shi shi ne na haɗuwarsa da jarumi Herakilis, wanda aka aika ya samo 'ya'yan itacen zinariya daga lambun da ke kusa da inda Atlas yake tsaye. Herakilis ya karɓi saman ya riƙe, Atlas ya je ya tsinko masa 'ya'yan itacen, amma da ya ɗanɗani hutu sai ya ƙi karɓar kayansa. Herakilis ya nuna kamar ya yarda, ya ce a ɗan riƙe masa ya gyara gammo, Atlas na karɓa shi kuwa ya kwashi 'ya'yan itacen ya kama gabansa. An sassaƙa wannan haɗuwa a jikin ɗakin bautar Ziyus da ke Olimfiya wajen shekara 460 kafin Miladiyya, kuma sassaƙar tana nan har yau.

A duk waɗannan ruwayoyi babu inda aka ce ƙasa ya ɗauka. Ba ma zai yiwu ba a tunanin mutanen wancan zamani, tunda a kan ƙasar yake tsaye, sama kuwa a wurinsu rufi ne mai nauyi da ke bukatar madogara. Ruɗanin ya shigo ne ta hannun masu sassaƙa. Bayan masanan Girka sun fara kwatanta sararin sama da ƙwallo mai kewaye da ƙasa, sai masu sassaƙa suka riƙa ɗora wa Atlas ƙwallo a wuya. Mafi shahara cikin irin waɗannan gumaka shi ne wanda ake kira Atlas na Farnese, aikin Rumawa na ƙarni na 2 Miladiyya, wanda ke ajiye a gidan tarihi na birnin Naples a Italiya. Wanda ya duba ƙwallon da kyau ba zai ga nahiya ko teku ba, abin da zai gani shi ne siffofin burujai, irin su rago da kaguwa da kunama. Ko gunkin tagulla da aka kafa a cibiyar Rockefeller ta birnin New York a 1937, zobban sararin sama ne a kafaɗarsa. Sai dai tun da mutane suka saba ganin ƙwallon duniya a teburin makaranta, duk ƙwallon da suka gani a kafaɗar mutum duniya suke ɗaukar sa, kuma idan ido ya riga ya yanke hukunci, da wuya littafi ya warware shi.

Abin da mafi yawan ruwayoyin suka haɗu a kansa, tun daga Hesiyod har zuwa Rumawa, shi ne wurin da Atlas yake tsaye: mafaɗar rana. Ga Bagirke, ƙarshen yamma shi ne inda tekun Bahar Rum ya ƙuntata tsakanin Sifen da Moroko. A ƙarni na 5 kafin Miladiyya, mai tarihi Hirodotus ya ba da labarin wani dutse a yammacin Libiya, wato sunan da Girkawa ke kiran Afirka da shi, mai tsawon da gajimare ba ya barin a ga ƙololuwarsa, ya ce sunan dutsen Atlas, mutanen wurin kuma suna ɗaukar sa ginshiƙin sama. Shi ne kuma ya kira ruwan da ke bayan mashigin tekun da sunan tekun Atlas, wanda shi ne asalin Tekun Atlantika da muke faɗa yau. Aflatun, wajen shekara 360 kafin Miladiyya, ya ƙago tsibirin Atlantis a cikin wannan teku, ya ce sarkinsa na farko Atlas ne, ko da yake nasa Atlas ɗin ɗan gunkin teku Fosaidon ne. Mawaƙin Rumawa Obid ya haɗa ƙaton da dutsen wuri ɗaya, inda ya ce jarumi Fasiyos ya nuna masa kan dodanniya Medusa, nan take ya sandare ya zama tsauni. Duwatsun da ake magana a kansu na gaske ne: sun miƙe kimanin kilomita 2,500 daga Moroko ta Aljeriya zuwa Tunisiya, kuma ƙololuwarsu mafi tsawo, Tubkal, ta kai mita 4,167. Kenan ƙarni ashirin kafin Merkato, sunan ya riga ya bar bakin mawaƙa ya zama sunan wuri a Afirka.

Daga nan aka sami Atlas na biyu. Tun wajen shekara 300 kafin Miladiyya wani marubuci mai suna Yuhemeros ya yaɗa ra'ayin cewa gumakan Girkawa sarakuna ne da jarumai na da can, waɗanda mutane suka kambama har suka mayar da su abin bauta. Diyodoras na Sisili, mai tarihi a ƙarni na 1 kafin Miladiyya, ya bi wannan hanya a kan Atlas. Ya ce sarki ne da ya mallaki ƙasashen bakin babban teku, ya ƙware a ilimin taurari, kuma shi ya fara koya wa mutane cewa sama kamar ƙwallo take, shi ya sa aka ce ya ɗauki sama a kafaɗa. Marubutan baya suka kira shi sarkin Mauretaniya, wato tsohon sunan arewacin Moroko da yammacin Aljeriya, wadda ta sha bamban da ƙasar Muritaniya ta yau. Wannan Atlas ɗin ne Merkato ya zaɓa, kuma in aka duba rayuwarsa za a gane dalili. An haife shi a Rupelmonde ta yankin Filanda a 1512, ya yi karatu a jami'ar Leuven, ya iya lissafi da ƙera kayan awo da sassaƙa rubutu a farantin jan ƙarfe. A 1544 aka tsare shi wata bakwai bisa zargin kauce wa aƙidar coci, daga baya a 1552 ya koma Duisburg. A 1569 ya fitar da taswirar duniya mai tsarin da ya ba matuƙan jirgin ruwa damar ja miƙaƙƙen layi su bi da kamfas. Burinsa ya wuce tara taswirori: yana son ya rubuta bayanin halitta duka, daga yadda aka fare ta, zuwa taurari, zuwa ƙasa, zuwa tarihin al'ummai, shi ya sa cikakken sunan littafin ke magana a kan tuntuntuni game da ginin duniya da siffar abin da aka gina. Mutum mai irin wannan buri ba zai nemi wanda aka yi wa horo ya zama jagoransa ba. A hoton bangon littafin, dattijo ne mai gemu a zaune, yana nazarin ƙwallo ɗaya a hannunsa, wani ƙwallon yana ajiye a ƙafarsa, babu komai a kafaɗarsa.

Mai musu zai iya cewa an riga Merkato. Wajen shekarar 1570, wani mai sayar da zane-zane a birnin Rum mai suna Antonio Lafreri yana haɗa wa abokan cinikinsa taswirori a ɗinke su wuri ɗaya, kuma ya buga musu shafin farko mai hoton ƙaton da ƙwallo a wuya. Gaskiya ne, kuma wannan ya nuna cewa hoton ɗan dakon ya riga ya raɓi sana'ar taswira. Amma hoto dabam, suna dabam. Lafreri bai kira tarinsa Atlas ba, babu kuma wanda ya kira shi haka a lokacin. Littafin da masana suka fi yarda shi ne na farko a wannan fanni, wanda Abraham Orteliyus ya buga a Antwerp a 1570, sunansa na Latin yana nufin dandalin kallon duniya ne. Gerard de Jode ya kira nasa na 1578 madubin duniya. Lucas Waghenaer ya kira littafinsa na taswirar teku na 1584 madubin tafiyar ruwa, kuma ya yi farin jinin da har matuƙan Ingila suka shekara da shekaru suna kiran duk littafi irinsa da sunan marubucin a karye. Kenan a ƙarshen ƙarni na 16 sunaye da yawa ne ke takara, kuma babu wata alama da ta nuna Atlas ne zai yi nasara. In da Orteliyus ne ya ci kasuwa har ƙarshe, da yau yaran makaranta suna buɗe dandali a darasin labarin ƙasa.

Abin da ya yanke takarar shi ne ciniki. Bugun 1595 bai yi kasuwa sosai ba, domin bai kammala ba, ko taswirar Sifen babu a ciki. A 1604 wani mai zane kuma ɗan kasuwa a Amsterdam, Jodocus Hondiyus, ya sayi farantan Merkato, ya ƙara sabbin taswirori fiye da talatin, ya sake buga littafin a 1606 da sunan Merkato a gaba. A shekarar da ta biyo ya fitar da ƙarami mai rahusa. Amsterdam a lokacin tana zama cibiyar cinikin teku ta Turai, jiragenta na zuwa Asiya da gaɓar Afirka, kowane attajiri na son taswira a ɗakinsa. Aka yi ta maimaita bugu cikin Latin da Faransanci da Jamusanci da harshen Holan, fassarar Turanci kuma ta fito a 1635 da 1636. Abokan hamayya suka ga sunan yana sayar da kaya, su ma suka ɗauka, har Joan Blaeu ya fitar da Atlas Maior a 1662 cikin mujalladi 11 da taswirori kusan 600, ɗaya daga cikin littattafai mafi tsada a ƙarninsa. A Istambul, malamin Daular Usmaniyya Katib Celebi ya fassara ƙaramin bugun zuwa Turkanci a shekarun 1650, kuma a yau Larabci ma da wannan suna yake kiran littafin taswira. Kamar yadda sunan omo ya bar kamfani ɗaya ya zama sunan kowane garin sabulu a kasuwanninmu, haka sunan littafi ɗaya ya zama sunan jinsin littattafai. Ƙarfinsa ya kai har ya koma baya ya hau kan ayyukan da suka girme shi: taswirar da aka zana a tsibirin Mayorka a 1375, wadda ta nuna Mansa Musa na Mali riƙe da zinariya da kuma mashigin da fatake ke bi ta duwatsun Atlas, yau Atlas na Kataloniya ake ce mata, alhali masu zana ta ba su san wannan suna ba. Haka wasu ke kiran taswirori 70 da Al-Idrisi ya kammala wa Sarki Roja na Sisili a 1154.

Musu na biyu ya fi nauyi. Ana iya cewa sarki Atlas ɗin nan bai taɓa wanzuwa ba, ƙaton tatsuniya ne aka yi wa wanka aka naɗa masa rawani, don haka ko ta ina aka bi, tatsuniyar aka komawa. Babu wata shaidar tarihi da ta tabbatar da sarki mai wannan suna, kuma ba daidai ba ne a koya wa yara cewa wani Ba'afirke ne ya ƙago ƙwallon sama. Sarkin Mauretaniya masani da tarihi ya sani shi ne Juba na Biyu, wanda ya yi mulki daga shekara 25 kafin Miladiyya zuwa 23 Miladiyya, ya rubuta littattafai a kan ƙasashe har marubucin Rumawa Filini ya dogara da su, amma shi ba Atlas ba ne, kuma ba shi Merkato ya ambata ba. Duk da haka musun bai rushe maganar ba. Tambayar ita ce wace siffa ce ta sa aka ɗauki sunan aka liƙa wa littafi, kuma amsar tana rubuce da hannun wanda ya liƙa shi: sani da awo da nazari. Asalin suna abu ne guda, dalilin da ya sa aka ba shi sabuwar ma'ana abu ne na biyu, kuma mai nazarin kalma da ya cakuɗa su zai ba da labarin da ya yi kama da gaskiya alhali ya tsallake mutumin da ya yi aikin.

Turancin yau da kansa ya ajiye shaidar rabuwar nan, domin kalmar tana gudu a magudana biyu. A ta ɗan dako, likitoci suna kiran ƙashin farko na wuya atlas saboda shi ke tallabe ƙoƙon kai, magina tun zamanin Girkawa suna kiran ginshiƙin da aka sassaƙa da siffar namiji da wannan suna, kamar waɗanda aka yi a ɗakin bautar Ziyus a Agrigento ta Sisili, kuma rokar da ta kai ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya kewaya duniya a watan Fabrairu na 1962 Atlas ake ce mata. Duk waɗannan nauyi da ƙarfi suke nufi. A ta malami kuwa, ban da littafin taswira, ana cewa atlas ga littafin da ya zayyana sassan jikin mutum, ko taurari, ko tsuntsayen wata ƙasa, ko wuraren da ake magana da kowane harshe. Babu abin da waɗannan littattafai suka ɗauka a kafaɗa. Abin da ya haɗa su shi ne tsara ilimi shafi bayan shafi ta yadda ido zai gani, wato ainihin abin da Merkato ya nufa. Bayanin aji ba zai iya gaya mana dalilin da ya sa littafin zanen ƙwaƙwalwa ya zama atlas ba, amma tarihin 1595 ya gaya mana.

Saura asalin sunan kansa, kuma nan ne ya kamata a taka a hankali. Masana da dama suna danganta shi da wani tushen Girkanci mai nufin ɗauka ko jurewa, wanda ya dace da aikin ƙaton. Wasu suna ganin sunan ya girmi Girkanci. Wasu kuma suna karkata ga kalmar adrar, wadda ke nufin dutse a harsunan Barbar, kalmar da ake ji a sunayen wurare daga Muritaniya zuwa Mali har ƙasar Azbin. Masu wannan ra'ayi suna da abin kafa hujja: marubucin Girka Sitirabo ya ce mutanen ƙasar suna kiran dutsen Diris, marubutan Larabawa irin su Ibn Khaldun kuma suna kiran sa Daran. Wannan ya nuna cewa mazauna wurin suna da sunansu tun da daɗewa, amma bai kai ya tabbatar da cewa daga nan Girkawa suka aro nasu ba, tunda Homa da Hesiyod sun ambaci ƙaton tun kafin a sami rubutun da ya liƙa sunan a kan duwatsun Moroko. Kamannin sauti shi kaɗai ba shaida ba ne. Larabci yana da wata kalmar atlas mai nufin yadi mai santsi da sheƙi, wadda Hausa ta ara ta mayar adalashi, kuma babu abin da ya haɗa ta da ƙato ko dutse ko taswira.

Alaƙar da ta tabbata tsakanin wannan tarihi da ƙasar Hausa ta biyo ta hanyar fatake ne. Alhasan Alwazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya tashi a Fas, ya ratsa duwatsun Atlas, ya kuma rubuta bayanin Afirka da aka buga a Venis a 1550, inda ya ambaci Kano da Katsina da Gobir da Zazzau da Zamfara. Daga littafinsa masu zanen Turai suka kwashi waɗannan sunaye, suka zuba su a taswirorin Afirka na ƙarni na 16 da na 17 da rubutu irin Cano da Guber da Zegzeg da Zanfara, sau da yawa a wuraren da ba daidai ba. Merkato da Orteliyus da Hondiyus ba su taɓa taka Afirka ba, abin da Bamagaribe ya gani ko ya ji suka zana.

Akwai mai karatun da zai ji nauyin furta sunan da ya fito daga bautar gumaka, kuma damuwarsa ba abin rainawa ba ce. Sai dai wanda ya ce Janairu ko Maris ya riga ya furta sunayen da suka samo asali daga gumakan Rumawa, Janus da Mars, ba tare da zuciyarsa ta je can ba, kuma sunan Atlas ya bar ɗakin bauta tun kafin ya hau kan littafi. Abin da ya fi dacewa a damu da shi shi ne a faɗi tarihin daidai. Ina roƙon malaman labarin ƙasa da masu rubuta ƙamus na Hausa, idan sun zo kan wannan kalma, su ce ƙaton tatsuniyar Girkawa sama ya ɗauka, su ce Merkato ne ya sa wa littafinsa da ya fito a 1595 sunan don girmama sarki masanin taurari da tsofaffin marubuta suka ajiye a Mauretaniya, sannan su buɗe shafin Afirka su nuna wa ɗalibai duwatsun da tekun da ke ɗauke da sunan.